Mai Ƙishin Allah, Kada Ka Tsaya a Waya

Ɗan'uwa mai ƙishin saduwa da Allah, kada wa'azin da kake ji a waya ya maye maka gurbin ikilisiya. Ranar Fentikos almajirai suna tare wuri ɗaya ne Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu, kuma har yau ba a cin Jibin Ubangiji a kaɗaice: sai wani ya miƙo maka gurasa da ƙoƙo. Don haka ka zaɓi majami'a guda ka zauna, ka riƙa zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, inda jama'a ba yawa, ana tambaya a amsa.

Wani zai ce Allah yana ko'ina, ɗaki ma ya isa. Addu'ar ɗaki wajibi ce, amma wanda ya kaɗaita ba shi da mai gyara masa fahimta in ya karkace. Wani kuma zai ce sujada ta koma sanarwa da kiran baiko. Wannan kuka yana da tushe, kuma fastoci da dattawa ne ya kamata su ji shi: a rage sanarwa, a bar lokacin shiru da addu'a bayan wa'azi. Ka kai musu maganar da kanka, cikin ladabi, kafin ka daina zuwa.