Darasi na 7: Yadda za mu yi da ɓurɓushin kuɗi ranar rabo

'Yan'uwa mata, rigimar ranar rabo ba kasafai take tashi kan manyan kuɗi ba, kan canji take tashi. Shi ya sa nake so mu koyi wannan lissafi tun kafin ranar ta zo.

Ga misali. Ƙungiyar masu sayar da busasshen kifi a kasuwar Yelwa ta buɗe akwati, an ƙirga ₦186,500. Hannun jari 340 ne. Da aka raba a waya, sai ta nuna 548.529411. Kada dogon lissafin ya ruɗe ku. Kobo 100 ne naira ɗaya, don haka lamba biyu kawai za a ɗauka bayan ɗigo: ₦548.52.

To, in aka ce "a cika shi 550 kawai", me zai faru? 550 sau 340 ya zama ₦187,000. Akwati ya gaza da ₦500, ta ƙarshe a layi ce za ta tafi da asarar.

Ga abin da nake koyarwa:
1. A fara ninkawa. Mai hannu 12: ₦6,582.24.
2. A rage sau ɗaya tak, zuwa goman da ke ƙasa: ₦6,580.
3. Ragowar ta shiga asusun taimako, a faɗa kowa ta ji.
4. Sakatariya ta sa waƙafi bayan dubu, ɗigo kafin kobo.

Aiki: mai hannu 25, nawa za a ba ta?