Injin da ya tsufa: a gyara ko a sauya?

Aikina kula da janareto da injinan ban-ruwa ne a Jimeta da Yola, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Injiniya, injin nan zai ƙara kai ni baɗi?" Ni kuma nakan ce, "Alhaji, ina littafinsa?" Mafi yawan lokaci babu. Mai injin ya san nawa ya saye shi, amma bai san abin da ya kashe masa tun daga ranar ba.

Akwai lissafin da ke amsa wannan tambaya, kuma duk wanda ya iya tarawa da rabawa zai iya yinsa. Ka haɗa kuɗin sayen injin da duk kuɗin gyaran da ya ci, ka raba da shekarun da ya yi yana aiki. Mu ɗauka manomi a Geriyo ya sayi injin ban-ruwa naira 300,000. Shekarar farko gyara ya ci 20,000, ta biyu 40,000, ta uku 90,000. Jimla 450,000 ke nan, wato 150,000 a kowace shekara. Idan bakanike ya ƙiyasta cewa shekara ta huɗu za ta ci 170,000 saboda garambawul, to lokacin rabuwa ya yi. Ƙa'idar ita ce: da zarar abin da injin zai ci a shekara mai zuwa ya haura matsakaicin abin da yake ci a baya, riƙe shi asara ce. Da yake farashi ba ya zama wuri guda, a riƙa sa farashin sabon inji na yau a lissafin, a kuma cire abin da za a samu idan an sayar da tsohon.

Abu biyu ake mantawa, su ne kuma suka fi ciwo. Na farko mai. Injin da ringinsa ya cinye yana zuƙar fetur da baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ƙarin ba ƙaramin kuɗi ba ne. Na biyu, asarar ranakun da injin yake kwance. Na ga shinkafa tana fitar da kai injin ya tsaya, ana jiran a samo kaya, ƙasa ta tsattsage, ganye ya nannaɗe. Haka mai ƙanƙara idan janaretonsa ya mutu ana tsakiyar azumi. Wannan ma a rubuta shi a matsayin kuɗin da injin ya ci.

Yanayinmu kuma yana saurin tsufar da inji. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, kuma sananne ne a wurin injiniyoyi cewa ƙarin zafi na digiri 10 a kan ƙima yana rage kwanan rufin wayar koyil da kusan rabi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, yashin kogin Binuwai yana cin cikin famfo. Saboda haka jadawalin da ke takardar kamfani kada a bi shi ido rufe. A nan sai an matso da lokacin sabis.

Sai dai ba kowane ƙarfe ne shekaru ke kashewa ba. A 1951 wani injiniyan ƙasar Suwidin, Waloddi Weibull, ya wallafa hanyar lissafin da ke nuna ko lalacewar abu tana ƙaruwa da tsufa ko kuwa haka kawai take faɗowa. A 1978 kuma Nowlan da Heap na kamfanin jiragen sama na United Airlines a Amurka suka nuna cewa kashi 11 cikin 100 kacal na sassan da suka bincika ne ƙayyade musu wa'adi yake amfana. Boris da bel da ringi suna cinyewa, su a sauya su a kan lokaci. Amma kwance injin da yake lafiya ƙalau don kawai ya shekara, sau da yawa shi ke jawo masa sabuwar cuta.

Roƙona ga 'yan'uwa manoman rani da masu injin casa da gidajen burodi da masu rijiyar burtsatse: ku sayi littafi ɗaya don kowane inji. Ku rubuta rana, awannin da ya yi, man da ya sha, abin da aka sauya da kuɗinsa. Idan shekara ta zagayo ku zauna da bakanikenku ku yi lissafin tare, kafin zafin bazara ya kama.