Abincin Kifi da Girmansa: Darasi Daga Fadamar Rima

A bikin kamun kifi na Argungu na shekarar 2005, giwan ruwan da ya ci gasa ya kai kilo 75. Ba yawan shekaru kaɗai ke kawo irin wannan girma ba, sai da ci. Giwan ruwa kifaye yake farauta, su kuwa ƙananan kifayen da gansakuka da tsutsotsi da ƙwari suke rayuwa. Idan Gulbin Rima ya cika da damina ya malale fadamu daga Argungu zuwa Ambursa da Birnin Kebbi, ciyayi sukan ruɓe, ƙananan halittu su yawaita. A watannin nan ne kifi ke yin mafi yawan girmansa na shekara.

Kifin kiwo ba shi da fadama. Abin da mai shi ya zuba masa shi ne rabonsa. Tarwaɗa tana bukatar abincin da furotin, wato sinadarin gina jiki, ya kai kimanin kashi 40 cikin ɗari. Gargaza kan wadatu da kashi 30. To, dusar shinkafa, wadda ba ta wuyar samu a Jihar Kebbi, furotin ɗinta bai wuce kashi 13 ba. Wanda ya dogara da ita kaɗai zai yi wata shida yana kallon tarwaɗa mai ƙaton kai da siririn jiki, manya kuma suna haɗiye ƙanana saboda yunwa. Arahar nan tsada ce.

Tunkuzar gyaɗa ta haura kashi 40, amma tana da ƙarancin wani reshen furotin mai suna laisin, don haka ake haɗa ta da garin kifi ko waken soya. Sai dai a gasa waken tukuna, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Tunkuzar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, gubarta tana lalata hantar kifi.

Nama ma yana bin abinci. Idan masara da mai suka yi yawa, kitse kan taru a cikin kifi. A sikeli yana da nauyi, amma mai banda ya san gaskiya: kitsen yana tsiyayewa a kan wuta, bandar kuma ba ta jimawa take canza wari. Ragowar abincin da ya ruɓe a ruwa yana haɓaka wata gansakuka mai sa nama ɗanɗanon laka. Maganinsa shi ne a mayar da kifin cikin ruwa mai tsabta, a hana shi abinci na 'yan kwanaki kafin a kai shi kasuwa.