Mai jinya, ga abin da nas ke son ji daga bakinka

A asibitin tunawa da Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan, haka ma a asibitocin Kwoi da Kachia da Zonkwa, da wuya ka ga gadon da aka kwantar da babba babu wani ɗan'uwa a gefensa da tabarma da fulas. Shi ke sayo magani, shi ke zubar da fo, shi ke kwanan zaune. Likita yakan zo zagaye ya wuce. Nas tana nan dare da rana, amma gadajen da ke hannunta sun fi ƙarfin idonta. Saboda haka babu wanda ya kai ka daɗewa yana kallon maras lafiyar nan, kuma sau da yawa da abin da ka faɗa mata ne za ta yanke shawarar ko a jira safiya ko a taso likita yanzu.

Mun saba idan aka ce "ya mai jiki?" mu ce "da sauƙi". Wannan amsar 'yan dubiya ce. Idan nas ce ta tambaya, faɗa mata abin da ya canza da lokacin da ya canza: "Sista, tun la'asar bai yi fitsari ba, kuma numfashinsa ya ƙara sauri."

Numfashin nan shi nake so ka fi riƙewa, domin yakan canza tun kafin awon jini ya nuna komai. Buɗe agogon wayarka, ka dubi ƙirjinsa yana kwance, kada ka gaya masa kana ƙirgawa. Ɗagawa da sauka, ɗaya ke nan. Babba mai lafiya yakan yi 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ya kai 25, ko ka ga ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, tashi ka kira nas ko da ƙarfe biyun dare ne. A 2012 ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians da ke Landan ta fitar da ma'aunin gane majinyacin da jikinsa ke shirin rikicewa, mai duba abubuwa shida: numfashi, iskar oksijin a jini, awon jini, bugun zuciya, zafin jiki, da ko mutum yana cikin hayyacinsa. Na farko da na ƙarshe ba sa buƙatar wata na'ura, ido ya isa.

Na ƙarshen ne ma muka fi yi wa sakaci. Baba ya ci tuwo jiya yana hira, yau yana kiran sunan matattu, yana fizge robar ƙarin ruwa, ko barci ya danne shi ba ya tasuwa. Sai a ce tsufa ne, ko a fara raɗe-raɗin jifa. Sabon ruɗewa irin wannan yakan zo ne daga ƙwayar cuta da ta shiga jini, ko ƙarancin iska, ko faɗuwar suga. Nas ba ta san yadda Baba yake a gida ba, kai ka sani. Mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin bai ci abinci ba, idan ya fara gumi da karkarwa, magana ce ta mintoci.

Fitsari kuwa, idan an sa masa roba, kada ka zubar da na cikin jaka sai an auna an rubuta. Idan awa shida ta wuce jakar kusan babu komai, a sanar.

Akwai abin da kunya ke sa mu ɓoye, kuma yana cutarwa ƙwarai. Jiƙo da sassaƙen da aka ba shi a gida, ƙwayoyin da aka sayo a kemis, duk a kawo su a leda a nuna. Wasu suna taɓa ƙoda da hanta, wasu ba sa jituwa da maganin asibiti. Idan mai shan burukutu ne ko giya kullum, ja nas gefe ka gaya mata a asirce, domin yankewar shan farat ɗaya kan kawo karkarwa da gane-gane har da jijjiga cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma akwai maganin tarar abin idan an sani da wuri.

Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, kada tausayi ya sa ka ɗura masa kunu ko ruwan addu'a kafin a gwada haɗiyarsa. Abin kan zarce huhu ya zama ciwon da ya fi na farko. Wanda ba ya iya juyawa, a juya shi kamar duk awa biyu, a duba ƙugu da duwawu da dugadugai. Jan da ba ya gushewa, ko wurin da ya yi duhu fiye da sauran fata, shi ne farkon gyambon kwanciya. Ƙarin ruwa kuma kada ka murɗa shi don ya ƙare da wuri: mai ciwon zuciya ko ƙoda ruwan na iya taruwa masa a huhu.

Idan ka yi magana ba a zo ba, kada ka yi faɗa, kada kuma ka koma ka zauna. Sake faɗa da adadi, "na ƙirga 28 a minti", sannan ka nemi shugabar nas-nas ta ɗakin. Idan aka ce a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko Barau Dikko a Kaduna, karɓi takardar turawa da sakamakon gwaje-gwaje da sunayen magungunan da aka ba shi, ka kuma tambaya ko zai buƙaci oksijin ko rakiyar ma'aikacin jinya a hanya kafin ka nemo mota.