Kafin ku ƙara wa katawut ƙarfi

'Ya'yana na Gwandu da Kalgo, masu sabon gini da waɗanda suka gaji gidan iyaye, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar wutar lantarki ce.

Yawancin tsofaffin gidajenmu tun zamanin Nepa aka ja musu wuta, lokacin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwan fitila, fanka da rediyo ba. Yau Allah ya buɗa muku. Ga firiza ta ƙanƙarar da uwargida ke sayarwa, ga famfon rijiyar burtsatse, ga na'urar sanyaya ɗaki saboda zafin bazara. A Kalgo kuwa, tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta samu mazauni a can, ana ta ƙara ɗakunan haya, kowane ɗaki da hitarsa da dutsen gugarsa. Kaya sun ƙaru, amma wayar da ta sauko daga falwaya tana nan yadda aka bar ta.

Sai fis ya fara tsinkewa. A nan ne nake jin tsoro, domin na san abin da ke biyo baya. Yaro zai zare katawut, wato gidan fis ɗin, ya sami wayar tagulla mai kauri ya ninka ta biyu ko uku ya ɗaura, wuta ta dawo, a ce masa ya iya. Ai bai iya ba. Da gangan aka yi fis siriri, don ya riga wayar gida ƙonewa. Idan ka ƙara masa kauri, tamkar ka ɗaure bakin karen da ke gadin gidanka ne don haushinsa na hana ka barci. Zafin da ya kamata ya tsinka fis zai koma cikin wayar da ke bin silin, inda ido ba ya kaiwa. Ku sani kuma, in wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafinta sau huɗu yake ninkawa.

Ku ɗauki biro ku yi lissafi, ba shi da wuya. Wutarmu tana zuwa ne da ƙarfin bolt 230. Kowace na'ura an rubuta wat ɗin da take ci a jikinta. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana cin wajen wat 1,200, hita 2,000, dutsen guga 1,000, famfo mai ƙarfin doki ɗaya 750. Ku tara, ku raba da 230, za ku sami amfiya sama da 21, ba a ma sa firiza da fankoki ba. Wayar tagulla mai lamba 2.5, wadda wasu ke ja tun daga falwaya don araha, ta riga ta kai iyakarta ke nan. Famfo kuma a lokacin tashi yana fizgar wuta ninki-ninki, shi ya sa fitila ke dusashewa in an kunna shi.

To, aikin yana da tsari. Waya ake fara sauyawa, sannan fis, ba a juya su. Ga fis mai amfiya 60, abin da aka saba sakawa shi ne wayar alminiyom mai lamba 16. In gidan ya zama na haya mai ɗakuna da yawa, ko an sa injin niƙa, gara a nemi layi uku a raba nauyin. A kula da mahaɗa sosai: inda aka murɗa alminiyom da tagulla da hannu, yau da gobe sai ya ci, ya saki, ya fara tartsatsi. Kada kuma a manta da ƙarfen da ake kafawa a ƙasa, wanda ke janye wuta in ta zubo jikin firiza ko famfo.

Wani abu da samari ke rainawa: daga falwaya zuwa mita ba hurumin maigida ba ne. Mu nan Kebbi, tare da Sakkwato, Zamfara da Kaduna, kamfanin Kaduna Electric ne ke raba mana wuta, shi ake rubuta wa in ana son ƙarin ƙarfi, ya duba ko taransifomar unguwa za ta ɗauka. Ita ma ta jama'a ce, in ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ta ƙone, haƙƙin maƙwabta na wuyanka. Taɓa mita ko zagaye ta kuwa laifi ne a dokar lantarki ta 2023.

Na san kuɗi ne, kuma waya ta yi tsada. In ba hali yanzu, ba abin kunya ba ne a yi guga bayan famfo ya gama cika tanki. Amma duk wanda ya ji ƙaurin roba kusa da mita, ko ya ga katawut ya yi baƙi, ya kashe komai ya kira mai wayarin da ke da lasisi. Ku yi gyaran wayar tun sanyi bai wuce ba, kafin zafin Maris ya sa kowa ya kunna kayansa lokaci guda.