Kwamfuta da Ɗalibin Karkara: Darasi Daga Kunci

Tun daga shekarar 2015, da kwamfuta ake yin jarrabawar shiga jami'a ta Hukumar JAMB. To, mu ɗauki ɗalibi a Kunci, arewacin Jihar Kano, wanda ya laƙanci yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, amma bai taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba. Ranar jarrabawa, yana laluben maɓallai, ɗan birni ya yi nisa.

Abubuwa uku ke haddasa wannan giɓi: ƙarancin lantarki, tsadar na'ura da raunin intanet. Koyon sarrafa kwamfuta ba ya bukatar intanet, lantarki kuwa rana na iya bayarwa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin kimanin wat 50. Ke nan faifan sola mai wat 300, haɗe da batir, zai riƙe guda huɗu na tsawon awa biyar kullum. Daga nan ya kamata malamai da iyayen yara su soma.

Aiki: Idan kowane ɗalibi zai sami awa ɗaya a mako, ɗalibai nawa kwamfutocin nan za su wadatar daga Litinin zuwa Juma'a?