Yadda Za Ka Fara Koyon Japananci da Wayarka Ba Tare da Ka Bar Gida Ba

Da yawa cikinmu muna kallon anime har mun haddace "arigatou", amma da an nuna mana rubutun Japananci sai mu yi tsuru-tsuru. Ni ma na yi watanni ina latse-latse a wata manhaja, ina ƙona data, alhali ko kalma ɗaya ba na iya karantawa. Matsalar ita ce na dogara da romaji, wato rubuta yaren da haruffan boko. Ga hanyar da ta fi.

1. Fara da haruffa

Japananci yana da rubutu iri uku. Hiragana haruffa 46 ne, katakana ma 46, ita ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi da ita. Na uku kanji ne, wanda aka aro daga Sin. Jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 na amfanin yau da kullum ya ƙunshi 2,136. Kada adadin ya tsorata ka, a bar kanji tukuna. Ka ɗauki hiragana biyar kullum kana rubutawa a takarda, cikin kwana goma ka gama.

2. Saka madannin Japananci

A Gboard, shiga Settings, sai Languages, sai Add keyboard, ka zaɓi Japanese, sannan ka ɗauki tsarin QWERTY. Idan ka rubuta "ka" zai ba ka か. Da haka idonka zai saba.

3. Yi amfani da kunnenka na Bahaushe

A nan muna da sa'a. Wasulansu biyar ne kamar namu: a, i, u, e, o. Kuma jan wasali yana canza ma'ana. Yadda garin Kano ya bambanta da garin tuwo, haka "obasan" take nufin gwaggo ko inna, "obaasan" kuwa kaka. Haka nan nanata baƙi: mu muna da daba da dabba, su suna da "kite", wato zo, da "kitte", kan sarki. Abin da zai ba ka wuya shi ne aikatau, domin a ƙarshen jimla yake zuwa: "mizu o nomimasu", ruwa nake sha.

4. Kayan karatu na kyauta

Hukumar Japan Foundation tana da dandalin Minato mai darussan Marugoto, da littafin Irodori da za ka sauke tare da sautinsa ka karanta ba data. NHK World tana da darussan Easy Japanese. Don bitar kalmomi, sauke AnkiDroid. Tana dawo maka da kalma daidai lokacin da ka kusa mantawa, kuma kyauta ce a Android.

5. Kula da ladabi

Maganar jaruman anime sau da yawa ta gatsali ce. Ka ce wa babba "omae" kamar ka kira sa'an babanka da "kai" ne. Ka riƙe salon "desu" da "masu", ka liƙa "san" a bayan sunan mutum, amma ba a liƙa wa kai.

6. Sa wa kanka buri

Jarrabawar JLPT tana da matakai biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. Ana yin ta a Yuli da Disamba, wasu ƙasashen sau ɗaya a shekara. Ko ba za ka zauna ba yanzu, bi manhajar N5 don ka san inda ka dosa.

Minti 20 kullum sun fi awa uku ranar Lahadi. Aikinka na yau: rubuta あ い う え お sau goma-goma, sannan ka neme su a madanninka.